Garin da Baba Ya Sha Ruwansa

Shekarun baya, a shekarar da aka rushe unguwarmu ta kusa da Harami saboda faɗaɗa masallaci muka koma Bani Harisa, saura ƙiris a mayar da surukina Damagaram a kan an ce tsufa ya taɓa masa kai. Dattijo ne da ya shigo Madina tun yana saurayi, kuma ba shi da wani buri da ya wuce a rufe shi a maƙabartar Baƙi'a. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san abin da hakan yake nufi ga tsoho. In aka fitar da shi daga garin, fita ta ƙarshe ce, ba dawowa.

Ni kuwa a lokacin mace ce ta cikin gida. Har yanzu ma haka nake. Maƙwabta suna tsokanata wai in aka ga ƙafata a waje, to ko Idi ne ko an yi rasuwa. Karatuna bai yi nisa ba, amma Allah ya ba ni kunne. Daga kicin ina gane motar mijina a cikin motocin layin, ina gane wane yaro ne ya buɗe firij daga yadda ya rufe shi. Mijina yana jan babbar mota, yana ɗauko dabino daga gonakin Badr, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Saboda haka wuni ni da Baba ne a gida, shi yana tsakar gida a kan dardumarsa, ni ina kai da kawo.

Sabon gidan yana da abin da tsohon ba shi da shi, wato hazzan: ɗakin ruwa ne a ƙarƙashin tsakar gida, da murfin ƙarfe. In ruwan gari ya ɗauke sai a kira motar ruwa ta cika shi, inji ya tura sama, ya sauko ta famfo. Ba mu daɗe da tarewa ba na lura Baba ya daina shan ruwan gidan. In na kawo masa sai ya ce, "Ajiye, 'yar nan," kofin ya wuni a wurin har ya yi zafi. Shayi ma sai ya tambaya da wane ruwa na dafa. Zamzam kawai yake sha in an samo daga Harami, in ta ƙare ya haƙura. Alwala kuwa sai ya taka zuwa masallacin unguwa, a cikin ranar Madina da kuka sani, wadda ko kyanwa ba ta yarda ta tsallaka titi.

A daidai lokacin kuma ya fara wani labari da ba mu taɓa ji a bakinsa ba. Ba da kowa yake yi ba, shi dai yana zaune sai ya fara. Wai akwai wani gari a bakin teku, da koren dutse a bayansa, sunansa Tulmesa. Ginshiƙai a tsaitsaye ba rufi a kansu. Hanya shimfiɗe da duwatsu. Daɓen ɗaki an yi shi da 'yan ƙananan duwatsu masu launi, kamar ƙwayar masara, an jera su har sun zama kifi, sun zama tsuntsu. Ga mutane na dutse a tsaye, da mayafi mai ninki-ninki kamar yanzu iska za ta kaɗa shi, amma ba su da kawuna. Kuma a ƙarƙashin wani babban fili akwai ɗakunan ruwa a jere, rufinsu a lanƙwashe kamar bakan gizo, in ka leƙa ka yi sallama sai ramin ya amsa maka.

Yarana, waɗanda in ka yi musu Hausa su amsa da Larabci, dariya suke yi su ce kaka yana ba da labarin aljanu. Mijina bai yi dariya ba. Ya ce da ni, "Duk duniya ta san Baba ta Sudan ya biyo, kamar kowa. Wace teku? Wane gari?"

Sai ranar da Baba ya yanke jiki ya faɗi a hanyar masallaci da azahar. Maƙwabta suka kawo shi, aka kira wani likita ɗan Najeriya, abokin mijina, da yake zaune a Al-Khalidiyya. Ya ce jikinsa ya bushe, ba ruwa. Da ya ji batun ƙin shan ruwa da labarin mutane marasa kai, sai ya ce zai iya zama farkon ruɗewar tsufa, amma shi ba zai yanke ba tukuna, a dai sa masa ido sosai. Mijina ya kira ƙaninsa a gida suka yi shawara. Ƙanin zai zo Umara da azumi, in zai koma ya tafi da Baba, can akwai 'ya'yansa mata da za su zauna da shi dare da rana.

Kada ku ga laifin mijina. Tsoro ne ya kama shi. Ya ce, "Ina Badr, ke kina fama da yara. In ya fita ya ɓace fa? In ya faɗi inda ba kowa?" Aka gaya wa Baba. Ya dai juya fuskarsa wajen Harami ya daɗe yana kallo, duk da daga Bani Harisa ba abin da kake hangowa sai bangon maƙwabci.

Ni abin bai kwanta mini ba, kuma ga dalilina. Na yi jinyar kakata a gida kafin a kawo ni nan, ita ta ruɗe da gaske. Labarinta na safe daban, na yamma daban. Wanda ya mutu jiya yau yana kasuwa. Amma Baba, na saurari labarin nan ina wanke-wanke, na saurara ina shara, na saurara ina tankaɗe, ko dutse ɗaya bai taɓa gusawa daga inda ya ajiye shi ba. Kifin nan na daɓe kullum ƙofa yake kallo. Ruɗaɗɗe ba ya riƙe kifi a wuri ɗaya. Kuma gaskiya, ban da tausayi, akwai son sani. Garin ya shiga raina. Ina yanka albasa ina tunanin wa ya zauna ya jera duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya, kuma matar gidan da me take share su.

Wata safiya motar ruwa ta zo. Direban ya ɗaga murfin hazzan, ya leƙa don ya ga saura nawa, ya ɗaga murya yana kiran abokin aikinsa kansa na cikin ramin. Muryar ta dawo, mai kauri, kamar wani ne a ƙasa ya amsa. Ina bakin kicin na ji carbin Baba ya tsaya. Na juya, na ga ya ƙura wa murfin ido.

Da suka tafi na ɗauko tabarma na zauna nesa kaɗan da shi. Kun san tsakanin mace da surukinta akwai kunya, ban taɓa zama haka na yi masa tambaya ba. Na dubi ƙasa na ce, "Baba, ramin can na Tulmesa, haka yake amsawa?"

Ya ɗago kai ya dube ni. Sannan ya ce, "Ke ma kin ji?"

Na ce na ji.

A ranar ya ba ni sauran labarin. Ashe ba ta Sudan ya biyo ba. Ta Agadas ya hau, ya ƙetare sahara ya faɗa Libiya, yana neman hanyar Makka. Guzuri ya ƙare masa a bakin teku, ya tarar da waɗansu Turawa suna tonon tsohon garin nan, suna ɗaukar lebura. Ya yi watanni yana kwashe ƙasa a kwando. In ƙishi ya kama su, sai su zura guga a ɗakunan ruwan nan, inda ruwan sama yake taruwa, su sha, su dafa shayi, su yi alwala. Daga baya ya wuce ta Masar ya iso.

"Ban fi mako a Madina ba," in ji shi, "na zauna a karatun wani malami a Harami. Yana ba da labarin mutanen Annabi Salihu, waɗanda gidajensu na dutse suke arewa da nan. Ya ce da Sahabbai suka ɗebi ruwa a rijiyoyinsu, umarni aka yi su zubar, ƙullun da suka kwaɓa da shi a ba raƙuma. 'Yar nan, sai na tuna Tulmesa. Gidajen dutse ba kowa a ciki. Mutane sun ƙame a tsaye, an sare musu kai. In wannan ba garin da aka yi fushi da shi ba ne, mene ne? Ni kuwa ba kwana ɗaya na sha ba. Naman jikina da ruwan nan ya ginu."

Na ce, "Baba, ba ka tambayi kowa ba?"

"In tambaya in ji me? In aka ce haka ne fa? Na yi istigfari na rufe bakina. Da mutane suka ɗauka ta Sudan na zo, na bar su. Na ma manta, wallahi na manta. Sai da muka zo gidan nan na ji ramin nan ya amsa." Ya nuna murfin da carbi. "Na san ruwan mota ne. Kaina ya sani. Maƙogwarona ne bai sani ba."

Da mijina ya dawo ranar Alhamis na kwashe duka na gaya masa, ina murna na kawo magani. Sai ya dafe kai. Ya ce, "Kin ga abin da nake gudu? Yanzu har ya ƙirƙiro Libiya. Ke kuma kin zauna kina taya shi."

Na ce, "Abban yara, in akwai garin fa?"

Ya yi 'yar dariyar gajiya ya ce, "To ki kawo mini wanda ya gan shi da idonsa. Ke da ko shagon bakin layi ba ki san farashin tumatir ɗinsa ba."

Da wasa ya faɗa. Ni ban ɗauka da wasa ba. Muna cikin Rajab, baƙi sun fara cika gari, kuma Madina gari ne da in ka zauna wuri ɗaya duniya ce za ta zo ta wuce ta gabanka. Na koma wajen Baba na ce ya kwaikwaya mini yadda mutanen can suke magana. Ya yi murmushi, karo na farko a watanni. Ya ce in za su ce "to" sai su ce "bahi", in za su ce "yanzu" sai su ce "tawwa", kuma maganarsu tana fita daga ƙirji, a dunƙule, kamar mai saurin zuwa wani wuri. Ya yi ta yi mini ina maimaitawa har kunnena ya kama.

Ina da maƙwabciya 'yar Chadi da ba ta fashin zuwa Harami da la'asar, mijinta yana sauke ta. Da na ce zan bi ta, sai ta dafa ƙirji ta ce, "Yau ta ina rana ta fito? Wa ya mutu?"

Na ce, "Ba wanda ya mutu. Lada nake nema."

"Ke? Lada ta daɗe tana nemanki ba ta same ki a waje ba."

Na cika fulas da shayi mai na'ana'a, na ɗauki dabinon Badr a leda, na bi ta. Dabarar ita ce in zauna a farfajiya ɓangaren mata, in baza kunne, in na ji irin muryar sai in matsa in miƙa dabino. Ranar farko na ji "bahi" ƙarara a bayana, na juya kamar an kira sunana, na cika matan da shayi, sai da suka sha suka gode na ce, "Libiya?" Suka ce Tunis. Ashe su ma haka suke cewa. Maƙwabciyata ta yi dariya har da hawaye, ta ce in na ci gaba a haka zan shayar da duk ƙasashen Magrib kafin azumi.

Na ci gaba. Na fara rarrabewa: na Tunis maganarsu tana da waƙa a ƙarshe, na Libiya a tsaye take. Na sami 'yan Libiya na gaske, amma daga Tarabulus, suka ce su tsofaffin garuruwansu daban ne, wancan sunan sai mutanen gabas. To kun ga na samu abu ɗaya: ba su ce babu ba. Na dawo gida ƙafafuna sun kumbura, don ba su saba ba, amma ina jin kaina kamar wadda ta je Libiya ta dawo.

Sha'aban ya shiga, ya fara nisa, ƙanin mijina ya aiko cewa takardunsa sun fito. Baba ya rame, ya fara raba 'yan kayansa. Ya ba mijina agogonsa. Ni ya ba ni butar ƙarfensa, ya ce can gida akwai wata. Na karɓa na shiga ɗaki na yi kuka, na fito na sake cika fulas.

Ran nan ina zaune na ji wata tsohuwa tana yi wa jikarta faɗa a kan takalmi. Ba kalmomin ba ne suka kama ni, muryar ce: irin dunƙulewar nan ta ƙirji, daidai yadda Baba yake yi. Tsohuwa ce gajera, da shuɗin zane a haɓarta. Na matsa na miƙa dabino na ce, "Tafaddali ya Hajja." Ta ɗauka, ta yi mini addu'a. Na tattaro Larabcina na kicin na ce, "Hajja, kin san wani gari Tulmesa?"

Ta tsaya da tauna. Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ce, "Ke kuma, 'yata, ina kika san Tulmesa? Can aka haifi mijina!"

Wallahi ban san lokacin da na riƙe hannunta ba. Na riƙe kamar za ta gudu. Na yi ta zuba, rabi Larabci rabi Hausa, maƙwabciyata tana gyara mini. Da ta gane, sai ta ce mijinta yana ɓangaren maza, tsohon malamin makaranta ne, kuma in aka taɓo masa zancen duwatsun nan sai an roƙe shi ya yi shiru. Na ce irinsa nake nema. Muka yi da ita za su zo cin abincin rana ranar Juma'a, mijina zai ɗauko su.

Mijina da ya ji, ya dube ni. Ya ce, "Ke kika je Harami? Kullum?" Na ce kullum. Ya ce, "Allah mai iko," ya ɗauki makullin mota.

Na yi shinkafa da rago, na yi miyar kuka saboda Baba. Maza suka zauna a ɗakin baƙi, ni da tsohuwar muna ɗakin ciki, amma na bar ƙofar a ɗan buɗe. Tsohuwar tana ba ni labarin ciwon gwiwarta, ina cewa "Allah ya sawwaƙe" a inda ya dace, kunnena kuwa duk yana can.

Da farko gaisuwa ce kawai. Sai baƙon ya ce, "An ce ka san garinmu, ya Hajj." Baba ya amsa. Jama'a, muryar da ta fito daga bakin surukina ban taɓa jin ta ba. Ba Larabcin Madina ba ne da yake yi da mai shago. Larabcin can ne, na saurayi, ya fito da ƙurarsa. Na ji cokalin mijina ya faɗi a faranti.

Baba ya ce, "Filin nan mai ramuka, in ka leƙa ka yi sallama..."

Baƙon ya karɓe, "...ya amsa maka sau biyu! Muna yara har tsere muke yi a ciki in ruwa ya janye."

Suka shiga ginshiƙai, suka bi hanyar dutse, suka gangara bakin ruwa. Suka zo kan kifin daɓe sai gardama ta tashi. Baba ya ce ƙofa yake kallo. Baƙon ya ce ina, teku yake kallo. Baba ya ce shi ya share ƙasar da ke kansa da hannunsa. Baƙon ya ce shi an haife shi a garin. Suka yi ta yi kamar yara biyu a kan ƙwallo, har tsohuwar ta ɗaga murya daga inda muke ta ce, "Ƙofar ai teku take kallo, ku bar mu mu ci abinci!" Aka kwashe da dariya. A cikin dariyar na ji ta mijina, ta daban ce, irin ta wanda aka sauke wa kaya daga ka.

Dariya ta lafa. Baba ya sassauta murya ya ce, "Ya Ustaz, don Allah gaya mini gaskiya. Wane laifi mutanen garin suka yi aka halaka su?"

Baƙon ya ce, "Halaka? Wa ya ce maka an halaka su?"

Daga nan ya ɗauko tarihi, kuma lallai matarsa ta yi gaskiya, ba ya tsayawa. Abin da na kama da kunnena, da wanda mijina ya ƙara fayyace mini daga baya, shi ne: Yunanawa ne suka fara zuwa da jiragen ruwa, wurin ya zama mashigar jirage ta wani gari da ke can saman dutse. Daga baya sarakunan Masar, waɗanda su ma jinin Yunan ne, suka gina shi sosai suka sa masa sunan gidansu, sunan ne bakin mutane ya murɗa har ya zama Tulmesa. Sai Rumawa suka karɓa.

Baba ya katse shi, "Rumawan da suke da sura a Alƙur'ani?"

"Su fa. Su suka ja ruwa daga duwatsu ta magudana mai nisa, suka tara a ɗakunan nan da ka sha. Daga baya suka zama Nasara, suka yi majami'u. Girgizar ƙasa ta taɓa garin, aka gyara abin da aka iya. Magudanar ta lalace, mahara suka dame su, mutane suka yi ta raguwa. Da Musulunci ya zo ya tarar da mutane a wurin, aka ci gaba da zama, jirage suna zuwa suna tafiya, har su ma suka daina. Ba a dare ɗaya ba, ya Hajj. Ba tsawa, ba ruwan duwatsu. Garin tsufa ya yi, kamar ni da kai."

Baba ya ce, "To mutanen nan da suka ƙame, marasa kai?"

Baƙon ya yi dariya har da tari. Ya ce sassaƙa ce, masu sana'a ne suka yi da guduma da kurfi. Wasu kawunan faɗuwa suka yi suka karye. Wasu kuma tun asali daban ake yin kan a dasa a wuya, in mai mulki ya sauka a cire nasa a dasa na sabo, jikin yana nan. Ni da nake bayan ƙofa sai da na toshe bakina. Shekara da shekaru Baba yana tsoron azaba, ashe tsimi ne irin na masu gari.

"Ni ba malamin fiƙihu ba ne," in ji baƙon, "ga malamai nan cike da Harami, ka tambaya. Amma wurin mutanen Annabi Salihu sananne ne, an ambace shi. Namu ba shi ba ne. Akwai masallaci a garinmu. Kakana da ruwan ramin nan ya shayar da tumakinsa, limaminmu da shi yake alwala in an yi fari. In ruwan nan la'ana ne, to ni ma da shi aka yi mini wankan haihuwa." Ya sake yin tari, ya ce surutu ya busar masa da wuya, a taimaka masa da ruwa.

Akwai Zamzam a gidan, na ajiye saboda Baba. Na tsaya a kicin na dube ta. Sai na ɗauki jug na buɗe famfo na cika, na sa ƙanƙara, na miƙa wa mijina ta bakin ƙofa da kofi biyu. Na ji an tsiyaya. Na ji baƙon ya sha ya yi hamdala. Na ji an sake tsiyayawa.

Baba ya ce, da Hausa, ya san ina wurin, "'Yar nan, na ina ne?"

Na ce, "Na hazzan ne, Baba."

Na kasa kunne. Har ƙarar na'urar sanyaya ɗaki nake ji, har motsin ƙanƙara a kofi. Sai na ji "Bismillah". Sannan na ji ruwan yana wucewa ta maƙogwaronsa, ƙwat, ƙwat, ƙwat, bai tsaya ba sai da kofin ya ƙare. Ya aje, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Ƙaro."

Da ƙanin mijina ya zo da azumi, Umararsa ya yi, ya sha ruwa da mu, ya koma da dabino da darduma. Baba ya je ya tambayi malami a Harami don ransa ya ƙara kwanciya, ya dawo ya karɓi butarsa a hannuna, ya cika ta a famfon tsakar gida. Agogon ne dai mijina ya ce kyauta ba ta komawa. Likitan nan ma da ya dawo duba shi ya zauna ya sha labarin Tulmesa har aka kira magariba. Baba ya ƙara shekaru masu albarka tare da mu, kuma da lokacinsa ya yi, a Harami aka yi masa salla, aka kai shi inda yake so. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan namu da naku.

Abin da ya zauna mini a rai shi ne, da yawa in tsoho ya fara wata magana da ba mu saba ji ba, saurin cewa muke yi kansa ne ya taɓu. Wani lokacin haka ne. Wani lokacin kuma wani ɗaki ne a cikinsa da ya daɗe a rufe ya buɗe. Mu duka muna son Baba, amma saura kaɗan son ya ɗauke shi daga garin da ya ƙetare sahara dominsa.

Tulmesa kuwa ban taɓa zuwa ba, kuma na san ba zan je ba, ni da zuwa Harami ma sai da dalili ya kore ni. Kwanaki ɗiyata ta nemo mini hotunan garin a waya. Na ga ginshiƙan, na ga ramukan, na ga tekun, duk suna inda Baba ya ajiye su. Na ce ta nemo mini kifin, ba ta same shi ba. Na gode mata, amma hoto ba ya magana, ni kuwa ta kunne nake sanin abu.

Shi ya sa har yau in motar ruwa ta zo, aka ɗaga murfin, nakan jira direba ya juya baya. Sai in durƙusa da gwiwoyin nan nawa da suka fara irin ciwon tsohuwar Libiya, in leƙa, in ce, "Salamu alaikum."

Kuma yana amsawa.